Furen Tsagin Dutse da Ragowar Ruwan Buta

An horar da ni a kan kada in faɗi abin da ban gani ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sa ni makarantar allo a nan unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala, inda aka haife ni, sa'an nan ya kai ni lakwal, wato makarantar Faransanci, a zamanin da dattawan unguwa da dama ke ganin yin hakan ganganci ne. A allo aka koya mini tsoron ƙarya, a lakwal aka koya mini cewa ba a rubuta kalma sai an tabbatar da ita. Da wannan tarbiyya na shiga aikin ofis a tashar jiragen ruwa ta Duwala, na yi shekaru talatin da wani abu ina rubuta wasiƙu da rahotanni, har na yi ritaya ba a taɓa dawo mini da takarda an ce in gyara abin da na shaida ba. Saboda haka ba ƙaramin abu ba ne a gare ni a ce cikin gidana akwai magana guda da na faɗa, wadda maiɗakina ta yi kusan shekara arba'in ba ta gaskata ba.

Ga yadda abin ya faro. Muna da shekara uku da aure aka tura ni Tunisiya horon aiki na wata huɗu. Wata ranar hutu, wani abokin aiki ɗan ƙasar ya ɗauke ni a motarsa zuwa ƙauyensu da ke bakin teku. Bayan mun ci abinci ya ce in taso ya nuna mini wani abu. Muka bi wata siririyar hanyar awaki har inda ƙasa ta ƙare, farin dutse ya sauka a tsaye kamar bangon bene, teku na dukan gindinsa can ƙasa. Ni ɗan Duwala ne, garin laka da fadama, ban taɓa tsayawa a wuri irin wannan ba. A cikin wani tsagi na dutsen, inda babu ƙasar da za ta cika tafin hannu, wani tsiro ya kafe. Ganyensa sirara ne, kore mai toka-toka. Furanninsa ƙanana, ruwan hoda, sun taru a kan kara ɗaya kamar an ɗaure su, bakin kowanne a tsattsage kamar tela ya bi shi da almakashi. Abokin nawa ya ce in kwanta rub da ciki in miƙa wuya. Na kwanta, na shaƙa. Ƙamshin kanumfari ne sak.

Ya gaya mini Faransawa na kiran dangin wannan fure œillet, suna shuka su a lambu, amma wannan na daji ne, ba ya fitowa sai a irin waɗannan duwatsu, kuma ko a ƙasarsu mutane kaɗan ne suka taɓa ganinsa. Na kai hannu zan tsinka, ya riƙe ni, ya ce ba a tsinka, don sun yi ƙaranci. Haka na dawo gida ba ni da wata shaida sai bakina.

A nan ya kamata in bayyana wace ce maiɗakin nawa. Hajiya mai haɗa turaren wuta ce da humra, sana'ar da ta gada daga kakarta. Babu amaryar da za a kai ɗaki a layinmu ba da turarenta ba, kuma mata kan tsallako gada tun daga Bonaberi su zo saye. Hancinta kuwa abin alfaharinta ne: takan zauna a ɗaki ta faɗi wanda ya shigo zaure tun bai yi sallama ba. Da na ba ta labarin furen, ta saurare ni da ladabi har na gama. Sa'an nan ta ce kanumfari busasshen abu ne da ake kawowa a buhu, tana dakansa kullum, kuma duk furannin da ta sani a Duwala manya ne jajaye, ba su da ƙamshin komai sai na ruwan sama. A ganinta kewar gida ce ta kama ni a kan dutsen nan, na tuna shayinta, hancina ya ƙarasa mini sauran.

Ba ta taɓa ce mini na yi ƙarya ba, tarbiyyarta ta fi ƙarfin haka. Sai dai a hankali maganar ta zama abin wasa a gidan. Duk wanda ya kawo labarin da ba a gamsu da shi ba, sai a ce wannan furen Malam ne. 'Ya'yanmu suka taso suka tarar ana faɗa, su ma suka ɗauka. Nakan yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta kai ciki.

Shekaru uku da suka wuce, autarmu, wadda Allah ya nufa ta tafi karatun haɗa magunguna a Tunisiyar nan, ta zo hutu. Bayan an gama rabon tsaraba ta biyo ni ɗaki, ta durƙusa, ta miƙo mini wata 'yar ambulan. A ciki akwai iri guda tara, baƙaƙe, fala-fala, ba su kai ƙwayar riɗi girma ba. Ta ce ta yi ta tambaya har aka haɗa ta da wani tsohon mai kula da lambun makarantarsu, wanda ke rainon furen a kan tarin duwatsu, shi ya ba ta. Ta ce ta gan shi da idonta, ta kuma shaƙa, amma da ta gaya wa mahaifiyarta sai aka ce mata ai 'ya ba ta ƙaryata ubanta. Saƙon tsohon guda ɗaya ne, ta maimaita mini shi da Hausa, ta sake maimaitawa da Faransanci: kada a shagwaɓa shi, ƙasa mai tsakuwa, ruwa kaɗan.

Na ɗauki abin da muhimmancin da nakan ba aikin ofis. Na sayo tukunyar ƙasa, na huda gindinta, na haɗa yashi da tsakuwa da 'yar ƙasa kaɗan, na shuka guda uku. Na ajiye tukunyar a gefen dutsen da muke alwala a tsakar gida, domin nan ne rana ke fara sauka da safe, kuma nan ne ɗoɗɗoya da na'ana'a da lemun tsamin Hajiya suke, duk sun yi shar. Bayan kwana goma suka tsiro, dukansu uku. Na yi murna irin wadda ban yi ba tun ranar da aka ƙara mini girma a wurin aiki. Ba su yi wata guda ba gindinsu ya yi baƙi, suka kwanta, suka ruɓe.

Na ce laifina ne, wataƙila hannuna ya yi nauyi. Na sake shuka uku. A wannan karon na ware ƙaramin kofin shayi, rabinsa nake zubawa, ranar Litinin da ranar Alhamis kawai, in hadari ya taso kuma in janye tukunyar ƙarƙashin rumfa. Suka tsiro, suka yi ganye huɗu, sai na ga sun fara yaushi irin na farko. Na tura yatsa cikin ƙasar ranar Laraba, kwana biyu rabona da ba su ruwa, na ji ta jagab. Ba a yi ruwan sama ba a makon nan. Na tsaya ina duban yatsana. Iri uku suka rage mini a ambulan, yarinya kuma ta kusa kammala karatu ta dawo gaba ɗaya, tsohon da ya ba ta ma ta ce ya bar aiki ya koma ƙauye.

Washegari na ce wa mutanen gida kaina na ciwo, zan kwanta, kada a tashe ni. Na ja kujera bayan labulen taga, inda nake ganin tsakar gida ba a ganina, na zauna tun hantsi. Ba a jima ba Hajiya ta fito alwalar walaha. Ta gama, ta miƙe, ta karkata butar a kan ɗoɗɗoya, ta karkata a kan na'ana'a, ragowar ta juye a tukunyata, ta wuce ko waiwaye ba ta yi ba. Can surukarmu, matar babban ɗanmu, ta fito da ruwan wankin shinkafa, ta raba wa shuke-shuken daidai wa daida, har da nawa. Wata mata da ta zo sayen humra ta nemi buta, ita ma da ta gama ta yi kamar yadda Hajiya ta yi. Da azahar ta gabato sai ga taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, tsohon ɗan kasuwar atamfa a Mboppi, wanda ya bar wa 'ya'yansa shago, yanzu ba shi da aiki sai zuwa gidana kullum ya sha shayi ya tsokane ni. Ya yi alwalarsa a natse, ya duba butar ya ga da saura, ya sunkuya ya tuttule ta duka a kan tsirraina, har yana ce musu su sha, su baƙin Akawu ne. Akawu yake kirana tun muna samari. Kafin la'asar, sau bakwai aka shayar da abin da nake auna wa rabin kofi sau biyu a mako.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan al'ada. Ba a zubar da ragowar ruwan alwala a banza. In akwai shuka kusa, ita ake ba, kuma tun muna yara malamai ke gaya mana shayar da mai rai sadaka ne. Ba wanda ke yin shawara kafin ya yi. Hannu ne ke karkata da kansa. Ni da kaina na ɗauki tsiron da ya saba da tsagin dutse na ajiye shi a wurin da ya fi ko'ina samun alheri a gidan.

Na fito na tara su bayan la'asar, na yi musu bayani dalla-dalla, yadda nakan yi wa sababbin ma'aikata. Na faɗi inda furen yake fitowa, na faɗi saƙon tsohon mai lambu, na faɗi abin da na gani ta taga. Surukata ta sunkuyar da kai tana ba da haƙuri. Taubashina kuwa ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofi.

"Akawu, ashe ciwon kan naka na leƙe ne," in ji shi. "To yanzu kai da karatun Nasaranka za ka hana mu lada a gidan kawuna?"

Na ce masa ladan da ke kashe wanda aka yi wa, sai a sake dubawa. Ya ce shi dai bai taɓa jin an kai mutum ƙara don ya ba da ruwa ba, amma tun da ni na yi aikin gwamnati, wataƙila akwai takardar da ta hana.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta gyara mayafinta, ta dube ni.

"Malam, tun da magana ta fito, bari in ƙarasa maka. Na tona ƙasar na gani, tsakuwa ce da yashi. Abu ya taso tun daga wata ƙasa ya sauka gidana, ka ajiye shi a kan tsakuwa, kana auna masa ruwa kamar magani. Ban iya gani ba. Na sa masa takin ragon layya ma, sau biyu."

Matar da ba ta yarda da furen ba, ita ce ta fi kowa tausayinsa. Na roƙe su dai su daina, suka yi alkawari. Washegari da asuba na gama alwala, hankalina na kan wani abu dabam, sai na farga hannuna ya riga ya karkata butar a kan tukunyar. Ni ne mutum na farko da ya karya dokar. Hajiya na tsaye a ƙofar ɗakin girki, ta gani, ta juya ta shige ciki, kafaɗunta na rawa don dariya. Tsirran nan uku ba su kai ƙarshen mako ba.

Daga nan na fahimci cewa ba a gyara wannan da gargaɗi. Abin da ya kamata shi ne a kai tukunyar inda buta ba ta kaiwa. Na kira autarmu a waya, ta ce dutsen can irin na farar ƙasa ne, in ban samu ba, dakakkiyar katantanwar teku za ta yi kusa da shi. Na ɗauki tasi zuwa Youpwé, inda masunta ke sauke kifi. Na ratsa tsakanin kwanduna da babbar rigata, ina tattare gefenta saboda laka, har na ga tarin ɓawon katantanwa bayan rumfar wata mata mai sayar da kifi. Na gaishe ta da Faransanci, na faɗi buƙatata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yanke hukunci cewa magani zan haɗa, duk bayanin da na yi game da fure bai sauya mata ra'ayi ba. Ta cika mini leda da hannunta, ta ce in sa ta a addu'a, ƙafarta na damunta. Na yi mata addu'ar tsakani da Allah, don wannan kam na iya.

Hajiya ta ce turmin turarenta ba zai ga abin da ya fito daga wurin kifi ba, don haka na wanke ɓawon, na shanya, na farfasa shi da guduma a kan siminti. Na gauraya da tsakuwa da fasasshen bulo, ƙasar da na sa ba ta fi cikin cokali uku ba. Saura wurin ajiyewa. Na so a kafa katako can sama a jikin bango, ƙarƙashin bakin kwano, inda rana ke samu ruwan sama ba ya samu, amma 'ya'yana suka ce ba za su yarda in riƙa hawa tsani da shekaruna ba. Taubashina ne ya warware matsalar. Ya zo da wani ƙarfe mai juyawa da igiya, irin wanda suke jan dilar atamfa da shi zuwa saman shago a Mboppi. Aka kafa shi a jikin katakon rufi, aka ɗaura tukunyar a raga, ina ja ta hau, ina sassautawa ta sauko. Ya ce ya kawo ne don ya fanshi kansa, kuma don ya ga ranar da Akawu zai zama ɗan dako. Na shuka ukun ƙarshe, na yi bisimilla, na ja igiya.

Biyu suka tsiro. Suka yi ƙarfi irin wanda na baya ba su taɓa yi ba, ganyensu ya fara ɗaukar tokar nan da na sani. Sai damina ta sauka, damina irin ta Duwala, wadda akan yi kwana huɗu ba a ga rana ba. Ruwa ya cika kwatocin New Bell ya shigo mana tsakar gida har idon sawu, muna tafiya a kan bulo da katako. Tukunyar na sama, ko ɗigo bai taɓa ta ba, amma iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, tufafi na fumfuna a cikin akwati. Ɗaya daga cikin biyun ya yi baƙi ya mutu. Na sauke tukunyar na zauna da ita a gabana, ina duban guda ɗayan da ya rage.

Hajiya ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce ita ba ta san fure ba, amma ta san laima, don ita ce babbar abokiyar gabar sana'arta. Ta ce a duk gidan nan babu inda ya kai bangon bayan ɗakin turarenta bushewa, saboda garwashin da ba ya mutuwa a ciki, nan take shanya itacen turarenta tun kafin a haifi autarmu. A ranar aka cire ƙarfen aka mayar da shi can. Tsiron ya tsaya cik na wasu makonni, bai ci gaba ba, bai mutu ba. Da ruwa ya ɗauke sai ya fara reshe. Ya ci wata daminar a wannan bango, gindinsa ya yi kauri kamar ɗan itace. A rani na biyu, wata safiya, na sauke shi na ga kara guda ya miƙe, da ƙunshin fure biyar a kansa.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina jira. Ranar da biyu suka buɗe, na gan su tun daga ƙasa, ruwan hoda a jikin bangon siminti. Ban shaƙa ba. Na ga ya dace ita ta fara. Na yi wanka, na sa farar riga, na sauke tukunyar na ɗora a kan kujera, na aika a kira Hajiya. Ta fito tana goge hannu. Ta duba furen da kyau, ta ce lalle bakinsa a tsattsage yake kamar yadda na faɗa. Ta sunkuya, ta rufe ido, ta shaƙa. Ta daɗe. Ta sake shaƙa, sa'an nan ta ɗago.

"Malam, ban ji komai ba."

Na sunkuya ni ma. Na ji sandal, na ji hawi, na ji hayaƙin garwashi. Ban ji kanumfari ba. Na koma na zauna a bakin dakali. Abin da ya zo mini a rai ba wai Duwala ta ƙwace wa furen ƙamshinsa ba ne. Tunanin da ya zo mini ya fi wannan nauyi: wataƙila ita ce mai gaskiya tun farko, wataƙila saurayi ne mai kewar gida ya kwanta a kan dutse ya ji abin da yake so ya ji, ni kuma na yi shekara arba'in ina shaida a kan abin da babu. Autarmu ma, wa ya sani ko kara ta yi mini.

Hajiya ta ga fuskata. Ta shinshina mayafinta, ta shinshina bayan hannunta, ta dubi ƙofar ɗakin turare inda hayaƙi ke fitowa a hankali. Ta ce ba a yi wa furen adalci ba. Ta ce gidan nan bangonsa ma turare ne, ita kanta turare ce, ko buhun kanumfari aka buɗe a nan sai an matsa kusa. Mai sana'a irin tata ba ta yanke hukunci a kan ƙamshi a cikin hayaƙin wani ƙamshin. A take ta sa aka kashe kasko. Tun da na aure ta ban taɓa ganin an kashe shi da rana ba. Akwai turaren wata amarya a hannunta, ta tattara kayan ta aika gidan ƙanwarta a ƙarasa a can. Ta ce a ba ta kwana uku hancinta ya huta.

Kwana ukun nan sun yi mini tsawo. Furanni biyun farko suka fara dushewa a rana ta biyu, na uku da na huɗu suka buɗe, na san su ma ba za su daɗe ba. Hajiya ta daina shafa humra, ta yi wanka da sabulun salo, ta ƙi shiga ɗakin girki in ana soya albasa. Matan layi suka yi ta aikowa suna tambaya ko lafiya, don ba su ji ƙamshin gidanmu ba. Taubashina ya aiko mata da sabuwar atamfa daga shagon 'ya'yansa, wadda ba ta taɓa shiga akwatinta ba, tela ya ɗinka a kwana ɗaya. Ya kuma ce a zo saman benensa, inda iskar teku ke bugowa bayan la'asar, can babu hayaƙin kowa.

Ranar ta uku muka tafi. Gidansa layi biyu ne daga namu. Na rungumi tukunyar a ƙirji, Hajiya na biye da ni, mutanen da ke zaune a bakin masallaci suna amsa sallamata suna bin mu da kallo. Matakalar benen ta ba ta wuya saboda gwiwoyinta, sau uku tana tsayawa ta huta, amma ta ƙi a kama ta. A sama taubashina ya shimfiɗa tabarma. Rufin kwanon New Bell ya bazu a ƙarƙashinmu har inda ido ya ƙare, iska na kaɗawa mai sanyi. Na ajiye tukunyar a gabanta. Ta zauna, ta jawo ta kan cinyarta, ta kare furen da tafin hannu daga iska, ta sunkuya.

Ni dai ban dube ta ba, na dubi wani jirgin ruwa can nesa a bakin kogi.

"Kanumfari ne," in ji Hajiya.

Na juyo. Idonta a rufe yake har yanzu.

"Kanumfari ne, Malam, ka yi gaskiya. Amma ba shi kaɗai ba. Akwai wani abu a ƙarƙashinsa, kamar zuma a cikin madara mai ɗumi, yana zuwa daga baya. Shekara arba'in kana ba ni rabin labari."

Na ce ta yi haƙuri, hancin akawu ne da ni, abin da ya iya ɗauka ke nan. Taubashina ya fashe da dariya har da buga cinya, ya ce shi shaida ne, an ba Akawu gaskiya kuma an kama shi da laifi a zama ɗaya. Ya matso shi ma ya shaƙa, ya ce shi yaji ya ji, Hajiya ta ce ya matsa, hancin da ya ƙare a rinin atamfa ba shi da ta cewa a nan. Sa'an nan aka ba ni. Na sunkuya, ƙamshin ya taso siriri, ba shi da ƙarfin na kan dutse, amma shi ne. Da na natsu, na ji zumar da ta faɗa.

Muka zauna a nan rana na sauka. Can Hajiya ta ce in sake ba ta labarin tafiyar tun daga farko. Na ba ta shi ya fi sau ɗari a rayuwarmu, amma ba ta taɓa tambayata komai a kansa ba. A ranar ta yi ta katse ni. Ta tambayi launin tekun, ta tambayi abin da aka ba mu muka ci a ƙauyen, ta tambayi ko matan can suna turara ɗaki, da me suke yi. Wasu na tuna, wasu na ce mata ban sani ba, ta ce to, ba komai.

Da aka kira magariba muka miƙe. Na kai hannu zan ɗauki tukunyar, ta ce in bari, in riƙe mata hannu ɗaya dai a matakala. Haka muka sauko a hankali, ita da furen a gefe guda, ni a ɗaya gefen, taubashina na gaba yana faɗa wa mutanen gidansa su ba da hanya.